Zanzibar: yaya ake gane ƙaramin otal mai kula da muhalli da gaske?

Mai Burtsatse (Kano):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Yuli nake so in kai maiɗakina Zanzibar, mu yi kwana shida. Ba ma son manyan otal-otal, ƙarami muke nema, mai ɗakuna goma ko ƙasa da haka. Duk wanda na buɗe shafinsa sai in ga hoton ganye da alkawarin kare muhalli, har na rasa na gaskiya. Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse, kuma da idona na ga yadda ruwa ke ƙara nisa a unguwanninmu idan mai kuɗi ɗaya ya kafa babban famfo. Ba na so in je garin mutane in yi wanka da rabonsu. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini da abin da zan tambaya kafin in biya.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mun sauka a gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajen ƙauyen Jambiani, a wani otal da ba zan ambaci sunansa ba. A banɗaki sun ajiye kati wai a maimaita tawul don a tattala ruwa. Amma kullum da asuba ana shayar da ciyawa da mesa, ga tafkin ninƙaya cike, ga janareto har wayewar gari. Da na zaga bayan katanga, sai na tarar da mata da jarkoki a layi. Wata ta ba ni ruwan rijiyarsu na ɗanɗana, gishiri-gishiri. Wallahi ranar ban ji daɗin abincin dare ba.

Kai ka fi ni sanin dalili: ƙasar wurin dutsen murjani ce mai huda-huda, ruwan daɗi yana kwance ne a saman na teku, idan aka zuƙe shi da yawa sai gishiri ya hau. Don haka ka fara da ruwa. Ka rubuta musu ka ce: daga ina kuke samunsa, kuna tara na sama, ina na wanka da na masai ke zuwa? Mai yi da gaske zai ba ka amsa dalla-dalla, har da hoton tanki. Sai ka ƙara da ma'aikata nawa ne 'yan ƙauyen, kuma a wajen wa suke sayen kifi.

Ɗan Fagge:
Yaya, duba tsibirin Chumbe, kudu maso yammacin Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar. Tun 1994 aka killace murjanin wurin, ba a kamun kifi a ciki, kuma daga cikin masu gadin akwai tsofaffin masunta. Masaukin baƙin wurin bukkoki 7 ne kawai. Rufin kowace yana tara ruwan sama, a tace shi, ya taru a ƙarƙashin ɗaki, rana ce ke ɗumama shi kuma ita ke ba da wuta. Masai ɗinsu ba ya cin ruwa, taki yake zama. Akwai tsohon masallaci da hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya ta 1904. Ba na'urar sanyaya ɗaki, iskar teku ce kawai, don haka ka gaya wa Hajiya tun daga gida. Yana da tsada. Ni yini ɗaya na yi na dawo gari na kwana.

Malama H.:
Idan sun ce suna da shaidar kula da muhalli ta Travelife ko Green Key, ka shiga shafin masu ba da shaidar ka nemi sunansu da kanka. Sai dai wasu ƙananan masaukai na 'yan gari ba su da kuɗin neman takarda, alhali aikinsu ya fi kyau. Kada kuma ku sa leda a kaya, Tanzaniya ta haramta ta tun Yunin 2019.

Mai Burtsatse (Kano):
Allah Ya saka da alheri. Maman Biyu, na tura tambayoyinki ga otal huɗu jiya da daddare. Ɗaya ya amso da safe, ya ce tankin ruwan sama suke da shi, rijiyarsu kuma suna raba ta da maƙwabta. Na nemi su faɗa mini zurfinta da awa nawa famfon ke aiki a rana. Sauran ukun shiru har yanzu.