Musayar Waƙa Kan Yarinyar da Aka Kora Cikin Ƙanƙara

Malam Mai Buɗe Fage:

Assalamu alaikum. Musayarmu ta yau a kan Way Down East ce, fim marar magana da D. W. Griffith ya shirya a Amurka a shekarar 1920, wanda ya ɗauko daga wasan dandamali na Lottie Blair Parker. Sharaɗi ɗaya ne, kowane baiti ya sauka a kan "ra".

Da sunan Ubangiji nake buɗe zance,
Shi ne mai dafa wa wanda ya fara.

Anna Moore yarinya ce marar gata,
Da ita da mahaifiyarta suna karkara.

Babu ce ta kai ta Boston wurin dangi,
Masu hannu da shuni, masu gadara.

A nan Lennox Sanderson ya ƙyalla ido,
Ɗan masu kuɗi ne, gwanin tsara hira.

Ya shirya mata ɗaurin aure na ƙarya,
Ya ce ta rufe maganar, ta ɗan jira.

Da ciki ya bayyana ya fito mata a mutum,
Ya ce auren nan duk almara.

Jaririn ya rasu a ɗakin haya,
Matar gidan ta bi ta da kora.

Alhaji Mai Ja:

Allah ya gafarta Malam, labarin ya fito daidai, amma ni a ganina ba shi ne ya ɗaukaka fim ɗin ba.

Wasan ya tsufa kafin a ɗauke shi,
Ya haura ashirin in ana ƙirgen shekara.

Griffith ya sayi wasan dala 175,000,
Na kusa da shi suna ce masa hattara.

Dandamali ba ya iya ɗaukar kogi,
Shi ya kawo kogin, shi ya ƙara.

White River Junction ta jihar Vermont,
Can Billy Bitzer ya kafa kyamara.

Lillian Gish, wadda ta fito a matsayin Anna, ta kwanta a kan falle,
Ruwa na tafiya da ita bisa ƙanƙara.

Gashinta da hannunta suna cikin kogi,
Kuma ita da kanta ta kawo shawara.

Hannun bai koma daidai ba har ta rasu,
A 1993, ta biya kuɗin nasara.

Richard Barthelmess, wato David masoyin Anna, yana tsalle falle-falle,
Ga gangaren ruwa can yana kwarara.

A nuna shi, a nuna ta, a nuna gangare,
Har da guntun hoton gangaren ruwan Niagara.

Mai kallo ya riƙe kujera da hannu biyu,
Bai saki numfashi ba sai da ta tsira.

Hajiya Babba:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, sai dai ka tsaya kallon ruwa har ka wuce wurare biyu da suka fi kogin nauyi, kuma duka biyun a cikin ɗaki aka ɗauke su.

Na farko daren da jaririn ke jinya,
Ita kaɗai, babu mai taya ta lura.

Ta yi masa baftisma da hannunta,
Don tsoron ya tafi babu wannan sutura.

Ta ji hannuwansa sun fara sanyi,
Ta kama su tana murzawa tana hura.

Babu murya a fim, babu kuka a kunne,
Fuskarta kaɗai ta isa ishara.

Na biyu a gonar dattijo Bartlett,
Inda ta samu aikin girki da shara.

Ɗansa David ya nuna yana son ta,
Ta ƙi, don ta san abin da ta tara.

Martha Perkins, uwar tsegumin gari,
Ta kai wa dattijo, tana murna da bushara.

Aka zauna cin abincin dare a tebur,
Sanderson na ciki, baƙon da ake wa fara'a da hira.

Dattijo ya nuna mata ƙofa da yatsa,
A waje guguwa ce da dusar ƙanƙara.

Kafin ta fita ta juyo ta nuna baƙon,
Ta tona shi a gabansu babu tsoron tijara.

In ba don wannan teburin ba, ƙanena,
Wa zai damu ko ta nutse ko ta tsira?

Alhaji Mai Ja:

Yaya, na karɓi gyara a kan tebur, amma ban sauka daga kan kogin ba.

Teburin yana cikin wasa tun asali,
Jama'a sun sha ganinsa shekara da shekara.

Abin da ya cika gidajen sinima,
Har kuɗin suka dawo, shi ne ƙanƙara.

Auta:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a wannan fage, kuma sau ɗaya na kalli fim ɗin, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Barkwancin ƙauyawan ya yi mini tsawo,
Na ƙagu a koma kan Anna a ƙara.

Ƙarshen kuwa an ɗaure shi da gaggawa,
Aure uku rana ɗaya aka tattara.

Dattijo ya sunkuya ya nemi gafara,
Wanda jiya ya tura ta hijira.

Sanderson ya ce yanzu zai aure ta,
Ta kau da kai, ba ta ko saurara.

David ya dake shi, iyakacin hukuncin ke nan,
Ya tafi abinsa, babu sammaci babu tara.