"Stable" ba "da sauƙi" ba ne: a taimaka mana da kalma

Jama'a, ina neman taimakonku. Makon jiya na kai baffana wani asibiti a nan cikin birni. Da likita ya fito ya ce mana jikinsa "stable" ne, sai ƙanina ya ɗauki waya ya shaida wa mutanen gida cewa jiki da sauƙi. Kafin la'asar har an fara yi mana barka. Alhali baffa yana nan yadda muka kawo shi, robar ƙarin ruwa a hannu, ko magana ba ya iya yi. Abin da likitan yake nufi shi ne ciwon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba.

Na fara tunanin "ya tsaya". A kasuwar hatsi ta Dawanau idan buhun masara ya kwana biyu bai hau ba bai sauka ba, cewa ake farashi ya tsaya, kuma kowa ya gane. Amma ka je bakin gadon mara lafiya ka ce "ya tsaya", wallahi sai mata sun sa salati, don numfashi za su ɗauka. "Ya lafa" kuma ya nuna ciwon ya ragu. Ni dai na fi natsuwa da "jikin ya daidaita", ko da yake wani malami a unguwarmu, Gwammaja, ya ce shi ma yana da ƙamshin sauƙi, gara a ce "ciwon bai ci gaba ba". Ya fi tsawo, amma ba ya yaudarar kowa.

Sauran kalmomin Turanci 'yan uwan "stable" ba su ba ni wahala haka ba. "Constant" kafaffe ne, kamar Dutsen Dala, ko kwana 7 na mako. A lissafi sai mu ce kafaffen adadi. "Steady" hannun wanzami ne a kan jariri ranar suna: yana tafiya, amma ba ya rawa. "Consistent" kuwa mai ƙosan bakin layinmu ce, ba ta fashi, kuma ƙosanta na yau ɗanɗanonsa ɗaya da na jiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu fassarar labarai suke tattara su duka su ce "mai ɗorewa".

Ma'aikatan jinya da ke nan, don Allah me kuke faɗa wa 'yan uwan majinyaci da Hausa?