Laaga Chunari Mein Daag: ya tsaya wa matan talakawa ko ya ci amanarsu?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai a ganina Laaga Chunari Mein Daag, fim ɗin Pradeep Sarkar na 2007, ya ci amanar matan talakawa. An nuna mana gida a Banaras: uba ya yi ritaya babu abin hannu, uwa na raba dare a kan keken ɗinki, dangin uban na neman ƙwace gidan. Babbar 'yar, Badki, ta tafi Mumbai neman aiki, kafin ka ce kwabo an mayar da ita matar da masu kuɗi ke ɗauka haya. Sai ka ce babu wata hanya tsakanin yunwa da zubar da mutunci.

Bilkisu: Wa alaikumus salam, Anti. Ban yarda ba gaskiya. Yarinyar ba ta gama makaranta ba, ba ta jin Turanci, duk inda ta je aka kore ta. Mutumin da ya yi mata alkawarin aiki ya lalata ta, sannan ya hana ta aikin. Wannan yana faruwa a duniya. Nuna abu ai ba goyon bayansa ba ne.

Maman Hanan: Yana faruwa, ƙanwata, ban musa ba. Amma a wannan Mumbai ɗin, a 1959, mata bakwai suka ranci rupee 80 suka fara yin papad, wata siririyar busasshiyar waina, a saman gida, har ya zama kamfanin Lijjat da dubban mata ke ci a ƙarƙashinsa. A Ahmedabad, Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar mata ta SEWA a 1972 domin masu talla da ɗinki da dako. Mata irin waɗannan su ne suka fi yawa. Me ya hana a ba mu ko ɗaya daga cikinsu a fim ɗin, ko da maƙwabciya ce?

Yaya Sani: Ku ba ni wuri. Ni abin da ya ɓata min rai ba hanyar da Badki ta bi ba ce, yadda aka ƙawata hanyar ce. Daga ranar da ta sauya suna ta koma Natasha, sai tsadaddun kaya, gida mai kyau, tafiya Suwizalan. Ina dukan, ina cutar, ina barazanar da ke bin wannan harka kullum? Rani Mukerji da ta fito a Badki ta yi iya yinta, idanunta kaɗai sun isa su sa ka kuka, amma kamfanin Yash Raj da ya shirya fim ɗin ba su iya barin talauci ya fito da dattinsa ba. Ko gidan na Banaras ya fi kama da wurin ɗaukar hoton biki.

Bilkisu: Wannan na yarda, Yaya. Amma ku tuna wayar da ta buga wa uwarta tana son komawa gida, uban na kwance ba lafiya, uwar cikin ruɗewa ta hana ta dawowa. Bayan nan uwar ta gane daga inda kuɗin ke fitowa, ta karɓa ta yi shiru. Jaya Bachchan ta nuna wannan nauyin a fuskarta har ƙarshe. Fina-finai nawa ne suka yarda su nuna uwa a haka?

Hajiya Talatu: 'Yar nan, nan ne ma ya fi yi min ciwo. An taɓo babbar magana, wato gidan da ke cin gumin 'ya yana kawar da kai, aka sake ta ba a bi ta ba. Uban fa? Anupam Kher yana zaune yana sayen tikitin caca, yana ƙorafin Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma babu wanda ya tsayar da shi ya faɗa masa gaskiya yadda ta kamata. Mu da muka taso da kallon Mother India mun san yadda ake nuna mace cikin bashi da yunwa har ka ji a jikinka, kuma tun 1957 aka yi shi.

Yaya Sani: Labarin ma ba sabo ba ne, Hajiya. K. Balachander ya yi irinsa da Tamil a 1973, Arangetram, ya sake yinsa da Hindi a 1977. Shekara talatin ta wuce, ba a ƙara wa tunanin komai ba sai kwalliya. Ranar 12 ga Oktoba Laaga Chunari ya fito tare da fim ɗin Bhool Bhulaiyaa, mutanen Indiya suka tafi can.

Bilkisu: Rashin kasuwa ba hujja ba ce. Ni abin da na riƙe shi ne Chutki, ƙanwar Badki. Da ta gano da me aka biya kuɗin karatunta, ba ta tsine wa yayarta ba, ta rungume ta. Konkona Sen Sharma ta yi wurin da gaskiya.

Maman Hanan: Wurin yana da kyau, na ba ki. To amma wa ya ceci Badki a ƙarshe? Rohan, wanda ya zamo yayan saurayin ƙanwarta, ya ce ya san komai kuma zai aure ta. Ba sana'a ta koya ba, ba makaranta ta koma ba. Wadda ba ta haɗu da Abhishek Bachchan, wato Rohan, ba fa, ina za ta?

Bilkisu: Ƙarshen bai gamsar da ni ba nima, Anti. Amma ba zan kira shi cin amana ba. Rabin farko ya faɗi gaskiya, daga baya ne masu fim ɗin suka ji tsoro.

Hajiya Talatu: To ki sake kallon rabin farkon, Bilkisu, ki ƙirga min sau nawa aka tambayi Badki abin da ita take so.