Ina zan ci abincin ƴan Asiya a Faris ba tare da na sake haɗiye alade ba?

Ɗan Bagalam

Salamu alaikum ƴan uwa, ina gaisuwa. Wata na huɗu ke nan a Faris, na zo yin masta bayan na ƙare lisans a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma gaskiya cikina ya gaji. Tun da na sauka abu uku nike ci, taliya da sardin, shinkafa da wake in na samu lokaci, sai kebab na Turkawan da ke ƙasan gidanmu wanda har mai shagon ya san ni, tun daga nesa yake cewa a ƙara ma wancan yaji. Garin kanshi ban san shi ba, daga ɗaki sai metiro sai lakkwal sai ɗaki, ƙarƙashin ƙasa nike wuni kamar gafiya, in Inna ta kira ta WhatsApp ta ce yaya garin sai in ce lahiya lau alhali ban ga komi ba.

Satin da ya wuce na ce bari in canza baki, na shiga wani shagon ƴan Sin irin wanda abinci ke jere cikin gilashi, na nuna wata shinkafa mai ƙwai da koren wake da wasu ƴan jajayen abubuwa da na ɗauka karas ne. Loma uku na yi na ji abin nan yana da gishiri kuma nama ne, na tambayi matar ta ce jambon, wato naman alade. Innalillahi. Yuro 9 sun tahi, jaka shida saura kaɗan ke nan a kuɗinmu, na kwana da yunwa da tashin zuciya.

To don Allah waɗanda sunka san garin nan ko sunka zauna ƙasashen Asiya, ina zan je, mi zan ce a ba ni, kuma wace tambaya ake yi kafin a ci? Sannan ina mutum zai taka da ƙafa ranar Asabar ya ga gari ba tare da burs ɗin wata ya ƙare ba?

Ƴar Mokoyo

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da baƙunta. Na yi dariya amma ba ta mugunta ba, don wannan shinkafar kusan kowa ta taɓa kama shi, riz cantonais suke ce mata kuma a Faransa da jambon ake yin ta sai dai in an rubuta akasin haka. Allah bai kama ka da abin da ba ka sani ba, ka sha ruwa ka manta.

Shekara ta tara a garin nan, shawarata ita ce kar ka fara da na Sin, ka fara da na Tamil. Hau metiro layi na 2 ka sauka La Chapelle, ko ka taka daga Gare du Nord, ka bi titin Faubourg Saint-Denis ka leƙa ƴar rue Cail. Mutanen nan yawancinsu daga Sirilanka sunka zo gudun yaƙin da ya fara a 1983, sun cika unguwar da shagunan sari da gwal da kayan miya, kuma akwai gidajen abincinsu da ba a dafa nama ko kihi kwata kwata, ka ga ba ka da tambayar wa ya yanka. Ka ce a ba ka dosa. Wallahi ranar da na fara ci sai da ƙwalla ta cika mini ido, sinasir ne, ƙullin shinkafa da wani ɗan wake da anka bari ya kwana ya yi tsami, sai dai su suna shimfiɗa shi siriri ya yi faɗin faifai su naɗe dankalin turawa a ciki. Idli kuwa ɗan uwan masa ne amma turarawa ake yi ba soyawa ba, sannan vada ƙosai ne mai rami a tsakiya. Miyar da ke zuwa da su sambar, tsamiya ce ke ɗauke da ita, kuma in ka tsinci wani dogon abu kamar kara a ciki kar ka ji tsoro, ɗan zogale ne. Mu ganye muke ci su har ƴaƴan suke dafawa, ana tsotse cikin a yar da ɓawon.

Kuma ka shiga shagunan kayan miyansu kafin ka koma gida, za ka ga kuɓewa ɗanya, tsamiya, garin hatsi wanda suke kira bajra, wani lokaci har ganyen zogale a ɗaure. Tsada dai kam, kuɗin da za ka sayi ɗauri ɗaya a nan Faris, a Jiratawa sai a cika maka kwando da su, amma ranar da kwaɗayin dambu ya tashi ba ka tuna lissahi.

In nama kake so ka ci gaba da gangarawa wannan titin har Passage Brady kusa da Strasbourg Saint-Denis, lungu ne mai rufin gilashi tun 1828, nan Indiyawa da ƴan Pakistan suke, da yawansu musulmi, biryani da kaza gasassa. Masu kira daga bakin ƙofa za su dame ka kamar ƴan kamasho a tasha, kar ka shiga na farko, ka taka har ƙarshe ka duba farashi ka dawo. Ka je da rana don farantin rana ya hi na dare araha, kuma ruwan famfo kyauta ne ko'ina, ka ce carafe d'eau kar a kawo maka na kwalba a sa cikin lissahi.

Alhaji mai kaya

Yaro sannu da karatu, Allah shi ba da sa'a. Ni ban san Faris ba, amma Gwanzu ta ƙasar Sin na san ta kamar bayan hannuna... a'a bari in ce kamar babbar kasuwar Maradi, tunda nan nika zuwa sarin kaya. Hajiya ta yi gaskiya amma kar ta sa ka ɗauka duk ɗan Sin maci alade ne, akwai musulmi miliyoyi a ƙasar, Hui da Uyghur, kuma abincinsu ya yi. Ka ajiye wannan rubutun cikin wayarka 清真 shi ne halal da harshensu, in ka gan shi bisa ƙofar shago, galibi da koren allo, shiga kanka tsaye. A unguwar Xiaobei inda baƙaƙe muke sauka kullum taliyar Lanzhou nika ci, gabanka mutum zai ja ƙulli da hannu ya ninka ya ja ya ninka har ya koma zare, ya jefa a romon shanu. Na Uyghur kuma tsiren rago da shinkafa mai karas da sunka kira polo, kai ka ce gidan buki ne. Ka nemi gidan abincin Uyghur a can, birni kamar wannan ba ya rasawa.

Abu guda, tsinken cin abincin nan. Zuwana na farko na yi kokawa da shi har romo ya ɓata mini babbar riga, daga ranan na daina jin kunya, cokali nika cewa a ba ni. Kuma ashe Faransawa baget suke ce mishi kamar burodi, wani yaro mai yi mini tafinta ya ce Alhaji a kawo baget, na ce a kawo mana da shayi, sai ga tsinke biyu.

Na Sabon Gari

Kai malam mu muna nan kuran ya ɗauke tun azahar ana zufa kai kana kukan shinkafar jaka shida 😂 turo kuɗin a aika maka kilishi da yajin ƙuli ka huta.

Tsohon etidiyan

Bagalam kar ka saurari na Sabon Gari, hassada ce. Na yi shekara biyar can kafin in dawo gida, kuma ina ganin yayarmu ta Mokoyo ta tsallake wuri mafi girma, wato arondisma na 13, gunduma ta 13 ta birnin. Ko ba ka ci komi ba ka je ka gani. Dogayen benaye ne da anka gina shekarun 1970, Faransawa ba su so su ba, sai ƴan gudun hijira daga Biyetnam da Kambodiya da Lawos sunka cika su bayan 1975, yau tsakanin avenue de Choisy da avenue d'Ivry ko rubutun kantin magani da harufan Sin yake. Ka shiga babban kantin Tang Frères a avenue d'Ivry ka ga buhunan shinkafa iri iri da ganyayen da ba ka taɓa gani ba.

Dabarar da nike yi ranar Juma'a, in yi salla a babban masallacin Faris wanda anka buɗe a 1926, metiro Place Monge, sai in sake hawa layi na 7 ɗin in sauka Porte de Choisy. Ka lura don layin ya rabu biyu bayan Maison Blanche, ka hau mai zuwa Mairie d'Ivry, in ka hau na Villejuif ka ɓace, ni sau biyu abin ya same ni.

Batun ci kuwa, kuskurenmu shi ne muna tambayar naman da ido ke gani, alhali matsalar tana cikin romo da abin da anka naɗe. Nem, ɗan naɗin nan da suke soyawa, yawanci da alade ne ko da an ce na kaguwa ne ana iya haɗawa, haka ƴan ƙunshin nan da suke turarawa, taliyar ramen ta Japanawa a rue Sainte-Anne sau da yawa romon ƙashin alade ne, sannan ƴan Sin suna zuba giyar shinkafa a suya. Don haka ka tambayi abu uku, naman, romon, da giya. Pho na Biyetnam romon ƙashin shanu ne da citta da kanumfari da kirfa, babu alade a asalinshi, saura maganar yanka, wannan kuma tsakaninka da malaminka, ni dai na kan tsaya kan kihi da jatan lande ko inda anka rubuta halal. In ka ji wani wari ya bugi hancinka nuoc mam ne, ruwan ƙananan kihi da anka jiƙa da gishiri watanni, kar ka yatsina fuska, mu da muke jefa daddawa a miya ba mu da bakin magana.

Yawo kuma ba sai ka kashe ko dala ba tunda kana da kartin metiro. Layi na 6 yana hitowa sama, tsakanin Passy da Bir-Hakeim yana ƙetare kogin Sen ga hasumiyar Eiffel kusa da kai, ka ɗaukar ma Inna bidiyo. Garin ba shi da faɗi, wajen kilomita murabba'i 105 ne kawai, da ƙafa sai ka ratsa shi a wuni guda. Ka bi bakin Canal Saint-Martin ka hau Belleville, can ma akwai ƴan Sin da Larabawa gefe da gefe, daga saman lambun unguwar kana ganin birnin duka.

Ƴar Mokoyo

Ban tsallake 13 don mantuwa ba malam, yaron da jambon ya tsorata shekaranjiya ba za ka tura shi inda agwagi da haƙarƙarin alade ke rataye a taga ɗaya ba. Ya fara da La Chapelle zuciyarshi ta kwanta tukuna. Kuma ƙanena, in sun tambaye ka yaji kar ka yi cika bakin Bamaraɗe, na ƴan Sirilanka ba irin namu ba ne, ka ce kaɗan.

Ɗan Bagalam

Yaya na gode, Alhaji Allah ya ƙara buɗi, na ajiye rubutun. Na je jiya Asabar. Na sauka La Chapelle na ci dosa da vada biyu, sinasir ɗin gaskiya ne amma ƙosan namu ya hi shi, nasu ba albasa sosai kuma ya yi nauyi. Maganar yaji ban ji ba, na ce a sa da yawa, kofi biyu na lassi na sha kafin harshena ya dawo, shi ma nono ne kawai da sukari ba fura. Daga nan na taka ban hau komi ba har bakin kanal na zauna ina kallon yadda suke buɗe ƙofofin ruwa jirgi ya wuce, ƙafata ta yi ciwo amma karo na farko ke nan da na san inda Gare du Nord take ta sama ba ta rami ba.

Na sayo zogale ɗauri biyu da garin bajra, kuɗin ba zan faɗa ba kar na Sabon Gari ya sake ni gaba. Yanzu tambayata Yaya, ba ni da madambaci, tukunya ɗaya ce da rariyar taliya ta ƙarfe, zai yi in ɗora ta bisa tukunyar in turara dambun ko tsakin zai zube ta ramukan?