Neman shawara: wane salo zan bi a dokumentari kan masunta da kachala?

Ɗan Guri: Assalamu alaikum manya. Ina son haɗa dokumentari na minti 20 kan yadda kachala, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadejia, masunta sun rasa wurin jefa koma. Waya ce da ni da ƙaramin makirfo ɗaya. In sa mai bayani ya riƙa sharhi ne, ko in bar mutane su yi magana da bakinsu?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam ƙanena. Masanin fim Bill Nichols ya kasa dokumentari salo shida, amma uku ne suka shafe ka. Akwai na bayani, murya tana jan labari hoto na bin ta. Shi ya fi araha, sai dai yakan koma lacca. Akwai na sa ido, irin na mai shirya dokumentari Frederick Wiseman: ba tambaya, ba sharhi. Wannan yana cin lokaci da ma'ajin waya, don awa guda a ingancin hoto na 1080p takan kai gigabait 8, kuma sai ka tara awanni da yawa kafin ka tsinci minti 20. Sai na shiga ciki, inda ake jin tambayarka. Aikin cikin kwalekwale ka yi shi da sa ido, hirar dattawa da na ukun. Kowane hoto ka riƙe shi daƙiƙa 10 ba motsi.

Hajiya Mai Tacewa: Sauti ne zai kashe ka, ba hoto ba. Iskar bakin ruwa tana cinye magana. Maƙala makirfon taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ka rufe shi da soso, mai magana ya ba iska baya. Kowane wuri ka naɗi daƙiƙa 30 na shiru, kukan tsuntsaye da ƙarar filafili. Da shi ake ɗinke wuraren da aka yanke a lokacin tacewa. Kiɗa kuwa a yi hattara. Mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauki farautar dorina a kogin Kwara ya ɗora kiɗa, da ya nuna wa Sorkawan da suka yi farautar a garin Ayorou na ƙasar Nijar suka ce ya cire, wai yana ƙara wa dorina ƙarfin hali.

Malam Na Ringim: Ni ban yarda a jefar da mai bayani gaba ɗaya ba. Ɗan birni bai san kachala ba, jimla uku a farko sun wadatar. Amma kafin komai ka gaida dagaci da sarkin ruwa. Kwana biyun farko kar ka ɗauki komai, sai sun daina kallon wayar. Kar kuma ka ce wa masunci ya sake jefa koma don kyamara, a fuskarsa ake ganewa. Ka fita da asuba zuwa hantsi, ka dawo bayan la'asar. Ranar tsaka tana ƙona fuska a kan ruwa. Matan da ke banda kifi a gida, mace za ka ba wayar.

Ɗan Guri: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, soson katifa zai yi?

Hajiya Mai Tacewa: Zai yi, in dai siriri ne. Ɗaure shi da roba.