Kamshaf yana cinyewa, laifin baƙin mai ne ko na kaya?

Assalamu alaikum, masana injin mota ku taimaka mini. Motata ƙirar 1984 ce. Na sa an sauya kamshaf (sandar da ke juyawa tana buɗe bawul ɗin inji) da tafet (ƙananan ƙarafan da sandar ke turawa), ko kilomita 3,000 ban yi ba sai ƙarar tak-tak ta dawo. Da muka juye baƙin mai, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a yatsana.

Makanike ya ce kayan ne marasa inganci. Ni kuwa hankalina ya fi karkata ga mai, domin na zamani an rage masa sinadarin ZDDP, mai kare ƙarfe daga cinyewa, saboda yana lalata matatar hayaƙi, alhali tsohon inji irin nawa yana buƙatarsa. In riƙa ƙara sinadarin a baƙin mai samfurin 20W-50, ko in nemi kaya na asali tukuna? Motar marigayi mahaifina ce, ba na so in rasa ta.