Wane suna za mu ba "lumière rouge" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Abin nan da ake talla a TikTok da Facebook, wanda mace ke kifa wa fuskarta yana ba da haske ja, wai yana rage tamoji, ya fara shigowa Garwa da Marwa, nan arewacin Kamaru, a kayan masu saro kaya daga Dubai da Sin. Masu Faransanci suna cewa luminothérapie ko lumière rouge, 'yan uwanmu na Najeriya suna cewa red light therapy, tsofaffinmu kuma sun riga sun mayar da shi "limiyar ruj". Kwana biyu ke nan muna ja-in-ja a kan sunan Hausa, ga inda na ga maganar ta kai.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Ƙananan ƙwayayen fitila ne, irin da ake kira LED, masu ba da haske mai tsawon zango kusan nanomita 630 zuwa 660 (ma'aunin da ke nuna launin haske ke nan), wato ja, sau da yawa haɗe da wani na 810 zuwa 850 wanda ido ba ya gani. Ba ya ƙuna, ba ya ɗaye fata. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne hasken yana ratsa fata ya isa maitokondiriya, ɓangaren da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, sai ƙwayoyin da ke ƙera kolajin su ƙara himma. Kolajin kuwa shi ne abin da ke riƙe fata ta tsaya cif, yana raguwa da shekaru, fuska ta soma yamushewa. A wani gwaji da aka wallafa a 2014 daga Jamus, da mutum 136, waɗanda aka yi wa sau biyu a mako har zama 30 an ga ƙananan tamoji sun ragu, kolajin ya ƙaru. Ragi ne, ba mayar da tsohuwa yarinya ba.

Sunan farko da aka kawo, "maganin jan haske", bai kwana ba. Maganin sauro na kashe sauro ne, maganin ɓera na kashe ɓera ne. Wanda ya ji "maganin jan haske" zai zaci jan hasken ne cutar. "Jinyar jan haske" ma na ajiye ta, domin mai tamoji ba majinyaciya ba ce, shekaru ne Allah Ya ba ta.

Wani malamin asibiti daga Ngaundere ya ce "gashin jan haske", tunda mun saba da gashin ƙashi da gashin jego. Malam, Allah Ya ƙara basira, amma gashi ba ya yiwuwa sai da zafi, wannan kuwa asalinsa ma an san shi ne da rashin zafi. Likitan da ya fara lura da abin, Endre Mester, a Budafes ta ƙasar Hungari a 1967, ya aske bayan ɓeraye ya haska musu lesa (wani siririn haske da na'ura ke harbawa) marar ƙarfi, sai ya ga gashinsu ya fi saurin tsirowa. Shekaru da dama ana kiran abin "lesa mai sanyi". Kuma ku da kanku kun san akwai wata fitilar, ita ma ja, a ɗakin masu gashin ƙashi, wadda ake dasa wa mai ciwon baya ta ɗumama shi har ya yi gumi. Waccan ita ta cancanci "gashin fitila". In muka ba su suna ɗaya, wata rana wata za ta sayi fitilar gashi ta kafa wa fuskarta a zafin Garwa na watan Afrilu. Ga kuma matsalar rubutu: "gashi" na wuta da "gashi" na kai duk harufa ɗaya ne, alhali ana sayar da hulunan jan haske na masu sanƙo. To "gashin jan haske" wanne ke nan?

Ni da farko zuciyata ta kwanta da "shan jan haske". Bahaushe yana shan iska, yana shan hantsi, yana shan inuwa, kuma "sha" tana tuna wa mutum cewa abu ne mai ƙa'ida kamar magani. Hakan daidai ne, don an lura cewa wannan haske in ya wuce kima amfaninsa raguwa yake yi, shi ya sa yawancin na'urorin minti 10 zuwa 20 ake yi.

Yayata mai shagon gyaran amare ce ta rushe min shi. Ta ce, "Ƙanena, ka taɓa zama a shagon mata kuwa? In mace ta ce tana son haske, me take nufi? In an ce wance ja ce, me ake nufi? Ka haɗa 'ja' da 'haske', ka ɗora 'sha' a kai, wallahi kowa zai ce sabon bilicin ne na kwalba."

Yaya, kin yi gaskiya, kuma a nan ne maganar ta yi nauyi. A Hausarmu "haske" ya daɗe da zama kalmar kasuwar man shafawa: man haske, sabulun haske, "ta yi haske". Kowa a Kamaru yana tuna 2022, lokacin da aka yi ta cece-kuce a kan abubuwan sha da ake sayarwa da sunan suna sa fari, har ministan lafiya Manaouda Malachie ya hana shigowa da sayar da kayan shafa masu sinadarai irin su haidrokwinon da makuri. Jan hasken nan ba ya sa fari ko kaɗan. Hasali ma likitocin fata suna gargaɗin masu duhun fata, musamman masu baƙin tabon nan da ke fito wa mata a kumatu lokacin goyon ciki, cewa haske da ɗumi suna iya ƙara masa duhu. Sunan da zai sa mace ta saya don neman fari ya cuce ta sau biyu: ba ta samu abin da ta nema ba, wataƙila kuma ta ƙara wa tabonta. Duk sunan da "haske" ke ciki, ni dai na janye hannuna.

Wata 'yar uwa daga Kusiri ta kawo "turaren fitila", tana kwatanta shi da dukhan da matan Shuwa da na Injamena ke zama a kai bayan dilka. Sunan bai zauna ba, don ba hayaƙi ba ƙamshi, amma ita ta ba mu kalmar da muke nema ba ta sani ba. Ta ce "zama". Ana zaman turare, ana zaman lalle, kuma abin da masu Faransanci ke kira séance ai zama ne.

Saboda haka nake ba da shawarar "zaman jar fitila". Na'urar kanta "jar fitila".

Ku gwada a baki. "Hajiya ta tafi zaman jar fitila." "Nawa kuke yin zama ɗaya?" "Ta yi zama goma, goshin ya ɗan saki." "Kada ki yi zama ba ki rufe idonki ba." Ba inda harshe ya yi tuntuɓe, kuma ba mai jin bilicin a ciki.

An kawo ƙorafi uku. Wani ya ce jar fitila ai ta kan titi ce. A nan "fe ruj" muke cewa, a Kano "danja", don haka wurin babu kowa. Wani ɗan boko ya ce a Turai jar fitila tana nuni da unguwar mata masu zaman kansu. Wannan can ne, Hausa ba ta san da zancen ba.

Na ukun ya fi ƙarfi. Wani ɗalibin likitanci ya tuna mana cewa Turawan ma sun yi kuskuren raɗa suna da na'ura. Sun ce "lesa", sai LED ta zo, musamman bayan gwaje-gwajen NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, na shekarun 1990 a kan tsirrai da warkar da rauni, sunan ya zama ƙarya, har masana suka koma wa photobiomodulation wajen 2014. Ya ce mu ma in na'urar ta sauya fa? Amsata ita ce "fitila" ba kamar "lesa" ba ce. Aci-balbal fitila ce, ta ƙwai fitila ce, ta mota fitila ce, ta sola ma haka. Duk abin da za a ƙera gobe, in dai yana haskawa, Bahaushe fitila zai kira shi. Hasken da ido ba ya gani kuwa, wanda ke rakiyar jan, wannan aikin mai bayani ne, suna ba zai ɗauki komai da komai ba.

Roƙona ɗaya ga masu rubuta talla: ku rubuta "jar", kada ku rubuta "jan". Na san da yawanmu a nan ba mu cika kula da namiji da mace a magana ba, amma "jan fitila" a kunnen Bakano janyo fitila ne da igiya.

Saura wanda ake kifawa a fuska. "Takunkumi" ya zama na korona, "marufin fuska" ya yi tsawo, Yaya kuma ta ce a shagonta "maski" kowa ke cewa, ba ta ga mai raba su da shi ba. Mutanen Marwa da Injamena, ku me kuke ce masa?